Hancin da Aka Ƙera da Kuza: Tarihin Shinshinar Gas, Daga Ramin Kwal Zuwa Paraku da Jugu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Paraku zuwa Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, ya san teburan nan na bakin titi da ake jera wa kwalabe, rana na haska abin da ke cikinsu kamar zuma. Fetur ne. Mutanen ƙasar suna ce masa kpayo. A Kano masu sayar da irinsa su ne 'yan bumburutu, a Maraɗi kuma 'yan ruwa-ruwa. Ruwan da ke cikin kwalbar kowa na ganinsa, amma tururin da ke tashi daga bakinta, wanda shi ne ke kama wuta, ba ya da launi. Neman hanyar gane wannan iska kafin ta tashi da mutane ya ɗauki ɗan Adam fiye da shekaru 200, kuma abin da aka tsaya a kansa a ƙarshe wani abu ne da Hausawa suka daɗe suna tonowa da hannunsu: kuza.

Zamanin ayari, kafin 1890

Paraku da Jugu garuruwan zango ne tun asali. Mutanen Bargu, ƙasar da Paraku ke cikinta, suna danganta sarautunsu da Kisra, wanda aka ce ya taso daga gabas da jama'arsa. Wannan labarin baka ne na kaka da kakanni, kuma da haka ya kamata a riƙe shi. Haka nan ana cewa ma'anar sunan Paraku ita ce garin kowa da kowa. Kundin tarihin Kano, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 19 daga abin da aka gada a baki, ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanya zuwa Gwanja. Abin da ke da shaida a rubuce shi ne cewa a ƙarni na 18 da na 19 ayarin fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato suna ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su yada zango a Jugu, wadda suke kira Zugu, kafin su wuce Salaga a ƙasar Gwanja. A 1826 Baturen nan Clapperton ya haɗu da ayarin Hausawa na mutum kusan 1,000 a Kayama suna dawowa daga Gwanja. A Jugu har yau akwai Kilir, unguwar sarauta, da Wangara, unguwar baƙin 'yan kasuwa. Babbar kasuwar Paraku kuwa sunanta Arzeke, kalmar da kunnen Bahaushe ba ya neman tafinta a kanta.

Mutanen wancan zamani sun san gobara sarai. Rufin ciyawa ne, fitilar man kaɗe ce, ga iskar hunturu. Sai dai wutarsu tana da sanarwa: akwai hayaƙi, akwai ƙauri, akwai harshe da ake gani. Man kaɗe da man gyaɗa ba sa tashi sama su cika ɗaki su jira tartsatsi.

A cikin kayan da ke yawo a kasuwannin ƙasar Hausa a lokacin akwai wasu siraran sandunan ƙarfe fari, kaurinsu kamar tsinken ciyawa. Maƙeran Ririwai, a kudancin Kano, su ne suke wanke baƙin yashi daga rafi, su narka shi a tanderu, su zuba a gurbin ciyawa. Daga baya wasunsu sun koma ƙasar Bauchi, wurin da ake kira Liruwen Dalma. Wannan baƙin yashi mai nauyi shi ne kuza. A ilimin sinadarai, ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, kamar yadda baƙin ƙarfe ke haɗuwa da ita ya yi tsatsa. A riƙe wannan, domin labarin zai dawo kansa bayan shekaru masu yawa.

Ramukan kwal, 1812 zuwa 1913

Inda aka fara fama da iska mai kama wuta shi ne ramukan kwal na Turai. Kwal yana fitar da iskar metan, wadda ba ta da launi ba ta da wari. In ta kai kashi 5 cikin 100 na iskar wuri, har zuwa kashi 15, tartsatsi guda ya isa. A ƙarni na 17 da na 18 dabarar da ake yi a wasu ramukan ita ce a sa mutum ɗaya ya rufe jikinsa da jiƙaƙƙen buhu, ya shiga da rarrafe da sassafe, riƙe da kyandir a bakin doguwar sanda, ya ƙone iskar da ta taru a rufin ramin kafin sauran ma'aikata su shiga. Wani lokaci ya fito, wani lokaci a fito da shi.

Ranar 25 ga Mayu 1812 ramin Felling, kusa da Newcastle a Ingila, ya fashe ya kashe mutum 92, da yawa cikinsu yara ne. Limamin cocin yankin, John Hodgson, ya rubuta labarin ya baza shi duk da masu ramukan ba su so ba. Daga nan aka kafa ƙungiyar neman mafita a Sunderland, aka roƙi masanin sinadarai Humphry Davy ya duba lamarin. A 1815 ya fito da fitilar da aka kewaye harshenta da rariyar waya mai ƙananan ƙofofi. Iska na shiga, amma wayar na shanye zafin, don haka wutar ba ta ƙetarewa waje. George Stephenson ma ya ƙera tasa a shekarar, aka daɗe ana jayayya kan wanda ya riga wani. Abin da ya shafe mu shi ne wata fa'ida ta biyu: in akwai metan a wuri, sai wata shuɗiyar hula ta bayyana a saman harshen fitilar, tana tsawo gwargwadon yawan iskar. Gogaggen ma'aikaci yana kallon hular ya san lokacin gudu. Wannan ce na'urar auna gas ta farko da ta bazu.

Sai dai mutuwa ba ta ragu yadda aka zata ba. Da masu ramuka suka samu fitilar, sai suka sake buɗe wuraren da aka bari saboda haɗari, suka ƙara zurfi. A 1906 ramin Courrières na Faransa ya ci mutum 1,099, a 1913 na Senghenydd a ƙasar Wales ya ci 439. Fitila ta ce akwai haɗari, amma mai ramin ne ke da ikon cewa a fito.

Kanarin da ake shiga da shi rami a keji, wanda John Scott Haldane ya ba da shawararsa a shekarun 1890, aikinsa daban ne. Yana faɗuwa ne in akwai kabon monoksayid, gubar nan da ke kashe masu kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki. Sai a 1986 aka daina amfani da shi a Birtaniya.

Turawa, jirgin ƙasa da fetur, 1894 zuwa 1937

A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki, kowa na neman yarjejeniya da sarkin Bargu. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta raba ƙasar biyu: Busa da Kayama suka faɗa hannun Ingila, Nikki da Paraku da Jugu suka zama na Dahomen Faransa. Wannan layi da aka ja a takarda ya raba dangi da kasuwanni, kuma shi ne tushen cinikin kpayo da zai zo bayan shekaru 80, domin sai da iyaka ake samun farashi biyu. Salaga ta riga ta rushe a yaƙin basasar 1892, goro ya koma bin teku da jirgin ƙasa, ayari ya mutu a hankali.

A can gabas, Kamfanin Neja ya bi sawun sandunan nan na Ririwai har ya gano tushensu. Daga 1902 aka fara bincike a tsaunukan Jos, a 1904 aka fara haƙa, a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa filin kuza. Dubban Hausawa suka tafi aikin lebura, garuruwa irin Bukuru da Barikin Ladi suka cika. Sana'ar maƙeran Ririwai ta mutu cikin 'yan shekaru, tun da filayen sun koma hannun kamfanoni, kuzar kuma ɗanya ake lodinta zuwa Ingila. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, har aikin tilas aka yi a can, mutane da yawa suka mutu da sanyi da cuta.

A 1936 layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso Paraku ya tsaya. Bai ƙarasa Nijar ba. Don haka duk kayan da za su wuce Malanbil da Gaya da Doso sai an sauke su a Paraku a ɗora wa manyan motoci, ciki har da gangunan fetur da kananzir. Tun daga ranar garin ya zama matattarar direbobi da makanikai da mai.

A Amurka kuwa, tankunan mai da jiragen dakon mai ne ke fashewa in an shiga gyara su ana zaton babu komai ciki. Oliver Johnson na kamfanin Standard Oil na Kalifoniya ya ƙera na'ura a tsakanin 1926 da 1927: siririyar wayar filatinom mai zafi, wadda in tururin mai ya taɓa ta sai ya ƙone a jikinta, zafinta ya ƙaru, allura ta motsa. Tana aiki, har yau ana amfani da jikokinta a matatun mai, amma kayan injiniya ce, ba ta matar gida ba.

Ranar 18 ga Maris 1937 wata makaranta a garin New London na jihar Texas ta tashi sama da ɗalibai da malamai, kusan mutum 300 suka mutu. Gas marar wari ne ya yi ta yoyo a ƙarƙashin ginin, tartsatsin wani injin ɗakin koyon sana'a ya kunna shi. Cikin makonni majalisar jihar ta wajabta zuba wa gas sinadari mai ɗoyi, sauran duniya ta bi. Warin nan da uwargida ke ji in tiyon tukunyar gas ya tsage, ba na gas ɗin ba ne, ɗora masa aka yi. An mayar da hancin mutum na'ura. Matsalarsa ita ce hanci yana barci, yana mura, kuma in ya daɗe cikin wari sai ya saba ya daina ji.

Daga ɗakin bincike zuwa kanti, 1953 zuwa 1969

Akwai abubuwan da lantarki ke ratsawa a sauƙaƙe, kamar tagulla, akwai waɗanda ba ya ratsawa, kamar roba. Tsakaninsu akwai wasu da ke barinsa ya wuce kaɗan ko da yawa gwargwadon halin da suke ciki. Da irinsu aka yi transisto, uwar rediyo da kwamfuta. A 1953 Walter Brattain da John Bardeen, biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro transiston, suka nuna cewa iskar da ke taɓa fuskar irin waɗannan abubuwa tana sauya halin lantarkinsu. Ga masu ƙera kayan lantarki wannan ciwon kai ne, abin a rufe ne a hana iska shiga. A 1962 Tetsuro Seiyama da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka juya matsalar ta zama amfani. Suka yi siririn shafe na tsatsar zinki a kan gilashi, suka gasa shi sama da digiri 400, suka nuna cewa ɗan gas kaɗan a iska yana ƙara lantarkin da ke ratsa shi, in gas ɗin ya wuce kuma ya koma yadda yake.

A shekarar nan dai wani mutum mai suna Naoyoshi Taguchi, wanda ba malamin jami'a ba ne, ya nemi a yi masa rajistar irin wannan dabara da tsatsar kuza. Labarin da ake bayarwa shi ne wai a 1960 ya karanta a jarida cewa gas ya fashe a kusa da tafkin Yamanaka ya kashe mutane, daga nan ya duƙufa da gwaje-gwaje shi kaɗai. Wannan abin da ake faɗa ne. Abin da ke tabbace shi ne a 1968 na'urarsa ta shiga kasuwa, a 1969 ya kafa kamfanin Figaro, wanda har yau yana wannan sana'a a yankin Osaka.

Yadda abin ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa. A ɗauki mai lambu a fadama: ruwa na bin kwari, in ya so tsayar da shi sai ya toshe bakin da ƙasa. A cikin tsatsar kuza, ruwan shi ne ilektron, ƙananan ƙwayoyin da tafiyarsu ce lantarki. In aka gasa ta zuwa digiri 300 ko 400, oksijin na iska yana manne a fuskarta, ya kama ilektron ɗin da ke kusa da fuskar ya riƙe. Kwarin ya toshe ke nan, lantarki kaɗan ke wucewa. In gas na girki ko tururin fetur ya iso, sai ya haɗu da wannan oksijin da ke manne, su cinye juna ba tare da harshen wuta ba, ilektron ɗin da aka riƙe su kuɓuta. An kwashe toshiya, lantarki ya ƙaru, ƙararrawa ta buga. Da iska mai kyau ta dawo, sabon oksijin ya sake mannewa. A 1967 P. J. Shaver a Amurka ya nuna cewa in aka barbaɗa wa irin wannan tsatsa ɗan filatinom ko faladiyom, jinta yana ƙaruwa sosai.

Ta Seiyama shafe ce siririya, ta Taguchi kuwa kwaɓi ne mai kauri da aka yaɓa wa ɗan bututun yumɓu aka gasa, da wayar ɗumamawa a ciki. Mai kaurin ce ta ci kasuwa shekaru kusan 30, domin ta fi juriya kuma ta fi araha, siririyar kuma awonta yana sauyawa in ta kwana biyu.

Japan ta yi doka, Benin ta shiga kpayo, 1970 zuwa 1994

Gidajen Japan sun koma girki da tukunyar gas tun shekarun 1960, ɗakunan kuma ƙanana ne rufaffu. Ranar 8 ga Afrilu 1970 gas ya fashe a wurin ginin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Osaka, mutum 79 suka mutu. Ranar 16 ga Agusta 1980 kasuwar ƙarƙashin ƙasa da ke gaban tashar jirgin Shizuoka ta fashe, mutum 15 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni, kuma cikin mamatan akwai 'yan kwana-kwana da suka je duba fashewar farko. A 1981 aka wajabta ƙararrawar gas a irin waɗannan kasuwanni da gidajen haya masu hawa. A shekarun da suka biyo aka bazu da mita mai yanke gas da kanta in ta ga yoyo. Haɗurran gas na gida suka ragu ƙwarai. Na'urar tana kanti tun 1968, amma sai da hukuma da dillalan gas suka ɗauki nauyin saka ta da sauya ta sannan ta shiga kowane gida. Wannan, a ganina, shi ne darasin da ya fi ƙirƙirar kanta nauyi.

A daidai waɗannan shekaru Dahome, wadda ta sami 'yanci a 1960 ƙarƙashin Hubert Maga, haifaffen Paraku, ta koma Benin a 1975 a mulkin Mathieu Kérékou. Gwamnati ta karɓe cinikin mai ta ba kamfaninta SONACOP. Nijeriya kuma tun shekarun 1970 take sayar da fetur da tallafi. Daga 1986 naira ta fara faɗuwa, man Nijeriya ya zama kamar kyauta ga mai sefa a aljihu. A ƙarshen shekarun 1980 bankunan Benin suka durƙushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, matasa suka hau babur suna kabu-kabu, wanda a can ake kira zemijan. Ga mai araha a ƙetaren layin 1898, ga dubban babura masu shan lita ɗaya-ɗaya, ga gidajen mai 'yan ƙalilan. Kpayo, kalmar da a kudancin ƙasar ke nufin abin da ba na asali ba, ya zama sana'ar gidaje masu yawa. A Bargu yana shigowa ta Cikanda zuwa Nikki da Paraku, da ƙananan hanyoyin daji, jarkoki ɗaure a babur har ba a ganin direba, daga nan ya wuce Jugu da Natitingu. An daɗe ana ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na fetur ɗin da ake sha a ƙasar ta wannan hanya yake zuwa.

Kuzar Jos kuwa kasuwarta ta rushe a Oktoba 1985, aka bar tsaunukan da kududdufai.

Komawa ga siririn shafe, daga 1991

A 1991 Noboru Yamazoe da mutanensa, a Kyushu ɗin dai, suka warware wani sirri. Oksijin yana kwashe ilektron ne daga ɓawon kowace ƙwayar tsatsa, zurfin nanomita 3 ko makamancin haka. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kaurin gashin mutum kuma ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. In ƙwayar babba ce, cikinta bai san abin da ake yi a waje ba, kamar dunƙulen fura da aka jefa a ruwa, waje ya jiƙe ciki na bushe. In aka rage ta zuwa nanomita 6, dukkanta ta zama ɓawo, jinta ya ninka sau da yawa. Daga nan hankali ya dawo kan shafe siriri mai ƙananan ƙwayoyi.

A cikin shekarun 1990 aka koyi ƙera ɗan murhun lantarki a kan silikon, faɗinsa bai kai ƙwayar gero ba, a shafa masa tsatsar a sama. Tsohuwar na'urar Taguchi tana shan kusan wat ɗaya ba dare ba rana don ta zauna da zafi. Sabuwar tana shan kaso kaɗan na wannan, tana ɗaukar zafi cikin ƙiftawar ido, don haka batir na iya riƙe ta. Ga garuruwan da ake ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Ɗaya daga cikin hanyoyin yin shafen mai sauƙi ce: a narka gishirin kuza a ruwa ko barasar asibiti, a fesa shi a kan gilashin da aka gasa zuwa wajen digiri 400, ruwan ya ƙone, tsatsar ta zauna. Ɗaliban babban digiri a sassan kimiyyar lissafi da sinadarai na jami'o'in Nijeriya suna yin wannan. Ƙananan ɗalibai kuma suna sayen na'urorin Sin irin MQ-2 da MQ-6, jikokin ta Taguchi, su haɗa da ƙaramar kwamfutar Arduino su yi ƙararrawar gas a matsayin aikin kammala karatu. Abin da ke min ciwo shi ne yawancin waɗannan ayyuka a kan kanta suke ƙarewa, ƙura ta rufe su, alhali a bayan katangar makarantar akwai shagon ɗura gas.

Porga, Seme da abin da ya biyo, 2006 zuwa yau

A ƙarshen Mayu 2006 wata tankar mai ta kife da dare a Porga, kan hanyar da ta taso daga Jugu ta bi Natitingu zuwa iyakar Burkina Faso. Mutane suka fito ɗiba, wuta ta tashi, gommai suka mutu, asibitin Tangiyeta ya cika da ƙonannu. An ga irin wannan a Yamai ranar 6 ga Mayu 2019, an gani a Majiya ta jihar Jigawa ranar 15 ga Oktoba 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Gaskiya ita ce babu ƙararrawar da za ta hana waɗannan. Mutanen sun san fetur ne, talauci ne ya kai su, tare da rashin sanin cewa tururin fetur ya ninka iska nauyi sau 3 zuwa 4, yana bin ƙasa yana gangarawa kwari kamar ruwa, kuma kashi 1.4 cikin 100 kawai yake nema ya kama.

Inda na'urar ke da amfani shi ne rufaffen wuri: ɗakin da aka tara jarkoki, shagon ɗura gas, kicin. Ranar 4 ga Janairu 2020 shagon gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin mamatan har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya. Benin ta haramta cinikin kpayo a dokar laifuffuka ta 2018, Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, teburan ba su tashi ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafi, farashin kwalba ya kusa ninkawa. Ranar 23 ga Satumba na shekarar wani rumbun ajiyar kpayo a Seme-Krake, bakin iyakar Legas, ya kama wuta, aƙalla mutum 35 suka mutu. Bayan haka gwamnatin Patrice Talon ta sanar da shirin samar wa masu sana'ar ƙananan famfunan mai rufaffu a madadin kwalabe. A 2024 kuma ɗanyen man Agadem na Nijar ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa arewacin Benin zuwa Seme.

A cikin gidajen Paraku da Jugu wani sauyi na tafiya a hankali. Gawayi na tsada, daji na ƙarewa, tukunyar gas mai kilo 6 da murhu a kanta tana shiga ɗakunan haya, sau da yawa ɗakin da ake kwana. Furofen da butan da ke cikinta sun fi iska nauyi, in sun yi yoyo ƙasa suke kwanciya, daidai inda ake shimfiɗa wa yara tabarma, kuma kashi 2 cikin 100 ya ishe su. Shi ya sa ƙararrawar irin wannan gas ake kafa ta ƙasa-ƙasa, kamar kamu ɗaya daga daɓe, ta metan kuwa kusa da rufi.

Na'urar tana da nata rauni, kuma yanayinmu yana tsananta shi. Ba ta rarrabe gas da turare ko maganin sauro na fesawa, tana iya yin kuka a banza har mai gida ya gaji ya zare ta. Laimar damina tana sauya awonta, ƙurar hunturu tana toshe rariyarta, kuma bayan shekaru kamar 5 sai an sauya ta ko da tana nuna haske. Kusan duk waɗanda ke kasuwa an gwada su ne a ƙasashen da ba su san zafin Maris na Bargu ba. Wannan aiki ne da ya dace da Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, da makarantun kimiyya na Natitingu, da takwarorinsu na Zariya da Sakkwato: a ajiye na'urorin a ɗakin mai sayar da kpayo da shagon mai ɗura gas shekara guda cur, daga hunturu zuwa hunturu, a rubuta abin da suka yi. Sannan dillalin da ke kawo tukunya ya zama shi ne mai kawo ƙararrawa da tiyo, shi ne mai sauya su, kamar yadda aka ɗora wa dillalan Japan. Kafin nan, abin da ke hannun uwargida a Wangara ko Zongon Paraku shi ne abin da aka ba ta tun 1937, wato hancinta, da ruwan sabulu da za ta shafa wa bakin tiyo ta duba ko zai yi kumfa.